Yadda Ake Gano Tushen Wari a Murhun Itace na Ɗumama Ɗaki

A Jos ba a wasa da sanyi. Garin yana zaune a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma a Disamba da Janairu akwai asubar da ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da digiri 10. Shi ya sa Turawan da suka zo haƙar kuza suka gina gidajensu da murhu a falo da dogon bututun hayaƙi a kan rufi, irin waɗanda har yau ake gani a Rayfield da Bukuru da Vom da tsohuwar GRA.

Murhun nasu buɗaɗɗe ne, yawancin zafinsa sama yake tafiya, itace ya ƙare kana nan kana rawar ɗari. Don haka masu gidajen yanzu suke cusa akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi a bakin tsohon murhun, wani daga waje aka kawo shi, wani kuma mai walda ne ya ƙera shi a nan gida. Yana ɗumama ɗaki sosai, ba ya cin itace da yawa. Sai dai rufaffen murhu yana da halinsa. A hankali yake cin wuta, hayaƙinsa ba ya fita da gudu kamar na buɗaɗɗe, sai abin da ke cikin hayaƙin ya sami damar maƙalewa a hanya. Yawancin warin da ake kuka da shi daga nan yake tasowa.

Abin da mutanenmu suka saba yi shi ne a zuba turaren wuta a kasko a zagaya falo. Turare ba ya gyara murhu. Rufe maka hanci kawai zai yi, alhali hancin nan shi ne kayan aikinka na farko.

Kafin komai, duba mutanen gidan

Akwai gubar da ke fita daga wutar da ba ta samun isasshiyar iska, ita ce kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ita ce dai ke kashe waɗanda suka kwana da janareto ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Idan kana jin warin hayaƙi a falo alhali ƙofar murhu a rufe take, to ka ɗauka ita ma tana shigowa tare da shi. Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi, kuma abin da zai sa ka gane ita ce shi ne mutum biyu ko uku su kamu lokaci guda, su ji sauƙi in sun fita waje. Mu kan ce zazzaɓi ne ko mura ce ta sanyi. Idan aka ga haka, a fitar da kowa, a buɗe ƙofofi da tagogi, a kai wanda ya galabaita asibiti a gaya wa likita an kunna murhu. Kada a sake hura wuta sai an gano matsalar. Ka sayi ƙaramar na'urar nan mai batir da ke kuka in ta ji gubar, ka kafa ta kusa da ɗakunan kwana. A ganina wanda ya iya sayen murhun ba shi da uzurin rashin ta.

Idan kuwa ka ji bututun yana ruri kamar jirgi na wucewa, tartsatsi na tashi daga samansa, to wuta ce ta kama cikin bututun, kuma zafinta na iya haura digiri 1,000. Rufe ƙofar murhun da duk makullan iska, fitar da iyali, kira 'yan kwana-kwana.

Ba warin suna, ka kuma lura da lokacinsa

Hausa ba ta bar mu da kalma ɗaya ba. Akwai ƙauri, akwai ɗoyi, akwai hamami, akwai zarni, akwai warin fumfuna. Tsaya ka tantance wanne kake ji, domin kowanne da inda yake nunawa. Sannan ka tambayi kanka yaushe yake zuwa: lokacin da ake hura wuta ne, ko bayan ta yi ƙarfi ƙarfe ya ɗau zafi, ko da tsakar dare in ta fara mutuwa, ko kuwa da damina da babu wanda ya taɓa murhun wata da watanni? Yi kwana biyu ko uku kana lura, ka hana kunna turare da fesa maganin sauro a falon a kwanakin. Wanda ya san sunan warin da lokacinsa ya yi rabin aikin tun bai ɗauko tsani ba.

Me kake ƙonawa?

Nan nake fara bincike kullum, kuma nan ake yawan samun ɓarawon.

Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Murhu irin wannan yana son itacen da danshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. In ka sa ɗanye, wutar za ta ɓata ƙarfinta wajen tafasa ruwan da ke ciki, ta yi ta turnuƙe hayaƙi mai tsami mai shiga ido, gilashi ya yi baƙi cikin dare ɗaya. Mai itace zai rantse maka busasshe ne, kada ka yi musu da shi, gwada da kanka. Ɗauki guda biyu ka gwara su: busasshe yana ba da ƙara mai tsini, ɗanye kuwa tim yake yi kamar an buga buhu. Duba bakin yankan, busasshe yana da tsagu. Faskara ɗaya ka taɓa cikinsa da kuncinka, in ka ji sanyi-sanyi da laima bai bushe ba. In kuma yana cikin wuta ka ga kumfa na fita daga bakinsa yana tsuwa, magana ta ƙare. Akwai ɗan ma'aunin danshi mai allura biyu, a tsakiyar sabon faskare ake soka shi, ba a baya ba.

A Filato ana yawan samun itacen bishiyar turare (eucalyptus) a hannun masu sayarwa, wanda aka yi ta dasawa a filayen da haƙar kuza ta lalata. Busasshensa yana ci da zafi ƙwarai. Ɗanyensa kuwa, da man da ke jikinsa da ɓawonsa da ganyensa, yana fitar da hamami mai kama da man zafi, yana kuma cika bututu da datti da wuri. Marke da ƙirya sun fi shi natsuwa a wuta in an samu, mangwaro ma ba laifi in ya bushe. Dabarar dai ita ce ka sayi itacen baɗi tun bana: a faskara shi, a jera a kan duwatsu ko katako don kada ya taɓa ƙasa, a rufe samansa da kwano, a bar gefe a buɗe iska na ratsawa. Wata shida zuwa shekara. Wanda ya lulluɓe itacensa da leda har ƙasa a daminar Jos, ruɓa shi ya yi.

Sai kuma abin da bai kamata ya shiga murhu ba sam. Guntayen katako daga wurin kafinta ko ragowar aikin rufi suna da arha, amma yawancin katakon rufi an shafe shi da maganin gara ko baƙin mai. Filawud da allunan da ake kabad da su cike suke da gam. Katako mai fenti, kwali mai sheƙi, leda, roba, tsohon silifas da yara ke hura wuta da shi, duk ƙaurin da suke bayarwa guba ne, kuma yana maƙalewa a bututu ya ci gaba da wari bayan an daina. Haka kananzir da fetur. A rufaffen akwati mai zafi tururinsu na iya tashi fuu a fuskar mai hurawa. Tambayi duk wanda ke kunna wutar in ba ka nan, cikin lalama, da me yake hurawa. Sau da yawa amsar ke nan.

Kwashe toka

Bari wuta ta mutu sarai. Kwashe tokar da cebur na ƙarfe a bokitin ƙarfe mai marfi, ka ajiye a waje nesa da bango da busasshiyar ciyawa, don garwashi kan kwana biyu ko uku a cikin toka bai mutu ba. Tokar da ta sha danshi tana warin tsohon murhu mai ɗan tsami, tana kuma cin ƙarfe. Goge cikin akwatin, ka fitar da farantin da ke kwance a samansa in yana fita, domin a bayansa datti ke taruwa. Wannan ba shi da wuya, rabin awa ya isa.

Leƙa bututun

Idan warin irin na kwalta ne ko na tsohuwar tukunyar gashi, mai nauyi, wanda ke kama labule da kujeru, to kwaltar hayaƙi ce, wadda masana ke kira kiriyosot. Hayaƙi ne ke hucewa a jikin bututu mai sanyi ya daskare. Tana zuwa kala uku. Ta farko kunkunniya ce mai laushi, buroshi na share ta. Ta biyu ɓarɓashi ne baƙi mai ƙyalli, sai an kankare. Ta uku ta narke ta daskare kamar kwaltar titi, buroshi ba ya mata komai, kuma ita ce ke kama wuta.

Sa takunkumi da tabarau, ɗauki tocila mai haske da ɗan madubi. Haska daga ƙasa, sannan ka karce jikin bututun da sukurdireba ka ga kaurin abin da ya taru. In ya kai milimita 3, lokacin shara ya yi. Shimfiɗa tsofaffin jaridu, rufe ƙofar murhun, ka liƙe gefunanta da tef don kada ƙura ta cika falo. Hau rufi da safe bayan raɓa ta bushe, wani na riƙe maka tsani, ka taka inda layin ƙusa yake, don kwanon tsofaffin gidajen nan ya gaji. Zura buroshi mai faɗin bututun, sama da ƙasa, sau da yawa. Inda babu buroshin, an saba ɗaure buhu mai ƙaiƙayi da ɗan dutse a igiya a riƙa ja, yana maganin kala ta farko kaɗai. A jira awa guda ƙura ta kwanta kafin a buɗe ƙasa a kwashe. In ka tarar da kala ta uku, kada ka ce za ka ƙone ta da babbar wuta. Wasu na ba da wannan shawara, kuma hanya ce ta ƙona gida. Daina amfani da murhun har a kankare ta ko a canza bututun.

Ga wani abin da ya kamata ka duba tun kana nan, wanda a ganina shi ne babban ciwon murhunan garin nan. Shin akwatin an haɗa shi da nasa bututun ƙarfe da ya bi ta cikin tsohon ginin har sama, ko kuwa cusa shi kawai aka yi aka bar hayaƙi ya nemi hanya? Bututun Turawa an yi shi ne don buɗaɗɗen murhu, yana da faɗi, kuma bulonsa sanyi ƙalau. Ɗan hayaƙin akwati in ya shiga wannan fili sai ya bazu ya huce ya daskare, ɓarɓashin ya zubo ya taru a bayan akwatin inda hannu ba ya kaiwa. Kana iya share bututu sau goma warin na nan. Maganinsa a jawo akwatin waje, a kwashe abin da ke bayansa, a zura bututun ƙarfen da ba ya tsatsa mai faɗi daidai da bakin akwatin, yawanci inci 6, tun daga ƙasa har sama, a toshe ratar da ke kewaye da shi da faranti. Kada mai walda ya yi maka shi da farin ƙarfe mai rufin zinki irin na kwatar ruwa. In ya ɗau zafi yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Iska tana hawa ko tana saukowa?

Nan turaren tsinke zai yi amfani. Murhu a kashe, buɗe ƙofarsa kaɗan, ka riƙe turaren a baki. In hayaƙin ya shige ciki ya hau, bututun na ja. In ya dawo fuskarka, iska ce ke saukowa tana kwaso warin bututu tana kawo maka falo. Yanzu buɗe taga mafi kusa kamar faɗin yatsa biyu ka sake gwadawa. In ya gyaru, gidan ne ba ya samun iska. Da hunturu mu kan toshe kowace kafa da tsumma saboda ƙura da sanyi, ga fankar da ke zuƙe hayaƙi a kicin ko banɗaki tana aiki, sai gidan ya rasa inda zai jawo iska in ba ta bututu ba. Kashe fankar lokacin hura wuta, ka bar wa murhun 'yar kafa.

Hayaƙin da ke cika ɗaki a mintunan farko kaɗai, na sanyin bututu ne. Nannaɗe jarida ka kunna, ka riƙe ta a saman cikin akwatin minti ɗaya ko biyu har iska mai ɗumi ta buɗe hanya, sannan ka hura. Jera manyan itace a ƙasa, ƙirare a sama, ka kunna daga sama, hayaƙinsa ya fi kaɗan. Kuma in za ka ƙara itace, buɗe makullin iska tukuna, ka buɗe ƙofar a hankali.

Warin tsakar dare kuwa daga wata ɗabi'a yake zuwa: a cika akwati da itace, a rufe iska ruf don wuta ta kai asuba. Wutar da aka shaƙe ita ce mai yin kwalta da guba. Gara 'yar wuta mai harshe da babbar da ke turnuƙewa.

Duba tsawon bututun ma. Ƙa'idar magina ita ce ya ɗara inda ya huda rufi da ƙafa 3, ya kuma fi duk wani abu da ke cikin ƙafa 10 kusa da shi da ƙafa 2. Gidan da aka yi wa ƙarin bene, ko aka kafa tankin ruwa a gefen bututu, ko bishiyar da ta yi shekara 40 tana girma har ta rufe shi, duk suna juyo da iska ƙasa.

Sai igiyar da ke zagaye da ƙofar murhun daga ciki, wadda ke toshe rata don kada hayaƙi ya fita. Sa takarda a bakin ƙofar ka rufe, ka ja. In ta zare ba gardama, igiyar ta mutu, a canza ta da irinta mai jure wuta, a gwada kowane gefe. In murhun tsoho ne sosai, jiƙa tsohuwar igiyar da ruwa kafin ka ɓamɓare ta, domin wasu na da da asbestos aka yi su, kuma ƙurarsa tana lalata huhu.

Ruwa da baƙin da ba a gayyata ba

Jos na shan ruwan sama tun daga Afrilu har Oktoba. Bututun da ba shi da hula, rijiya ce a kan rufi. Ruwa ya haɗu da kunkunniya, sai warin fumfuna da tsami su cika falo a Yuli da Agusta. Nemi tsatsa a saman akwatin, da tabon ruwa a silin kewaye da bututun, da tsagu a simintin samansa. Birkila ya gyara tsagun, a liƙe inda kwano ya haɗu da bulo, a sa hula mai raga.

Ragar nan ita ce maganin sauran. A gidan wani kawuna an yi mako biyu ana fama da ɗoyi, har an fara zargin masai. Na ce, "Kawu, a ba ni tocila in leƙa murhun nan." Ya ce, "Kai yaro, rabonmu da kunna shi tun Fabrairu." Da muka cire farantin sama, mushen tsuntsu ne a kan tarin ciyawar sheƙa, ga ƙudaje. Ɗoyin mushe da ƙudaje a gilashi ba sa buƙatar dogon bincike. Zarni kuwa kashin jemage ne, a jiƙa shi kafin a kwashe, da takunkumi da safar hannu. Zanzaro na gina gidan laka a ciki, ƙudan zuma ma kan tare. In zuma ce, kira masu kiwonta su kwashe, kada ka kunna wuta a ƙarƙashinsu, kakin na narkewa ya kama. Idon ragar ya kai kamar rabin inci zuwa sama kaɗan, in ya yi ƙanƙanta irin na tagar sauro kunkunniya za ta toshe shi cikin mako.

Ƙaurin fenti, ƙura da waya

Sabon murhu yana ƙaurin fenti a wuta uku ko huɗu na farko, har da ɗan hayaƙi daga jikinsa. Fentin ne ke gasuwa. Fara da ƙananan wuta, tagogi a buɗe, yara da masu asma a wani ɗaki. In ya wuce haka bai daina ba, fentin mai na ƙofa aka shafa masa, sai an kankare an fesa mai jure zafi. Ƙaurin ƙura a wutar farko ta shekara shi ma mai wucewa ne, kuma da ƙurar hunturu gara a riƙa goge saman akwatin da ramukan iskarsa duk mako.

Idan akwatin na da fanka mai turo ɗumi, ka ji ƙaurin waya ko na roba, zare filogi nan take. Ko ƙura ta cushe injin, ko waya ta taɓa ƙarfe mai zafi, ko hawa da saukar wutar lantarki ta gasa shi. Mai gyaran lantarki ya duba. Ka kuma leƙa ƙarƙashi da saman akwatin, ledar alawa da abin wasan yara kan faɗa can.

Ƙauri ɗaya ne ba na jira a kansa ko na dare guda: na katakon da ke gasuwa, yana fitowa daga bango ko silin. Katakon da ya yi shekaru kusa da zafi yana bushewa ya sauya, har ya zamana zafi kaɗan ya isa ya kama. Shafa bango da silin kewaye da bututun. In akwai inda tafin hannu ba zai iya zama ba, ko fenti ya canza launi, bar wutar ta mutu, ka shiga cikin silin da tocila ka duba katakon rufi da ke kusa da bulon. Duk wanda ya yi baƙi a cire shi, a ba da tazara, a liƙe tsagun bulon.

Idan sanyi ya tafi

Wajen ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, kafin ruwan farko, a share bututun, a kwashe toka tas, a wanke gilashi da jiƙaƙƙen tsumma da aka dangwala a toka mai laushi. Shafa ɗan mai a hinjin ƙofa. Ajiye kwano cike da gawayi ko bekin soda ta yin burodi a cikin akwatin don su shanye sauran wari, a canza duk wata. Bar makullin iska a buɗe kaɗan don kada ciki ya yi gumi ya yi tsatsa, sai fa in gwajin turare ya nuna iska na saukowa, to a rufe shi. Wanda ya toshe bututu da tsumma ko soso saboda damina, ya rubuta takarda ya manna a gilashin, domin a Nuwamba ba lallai shi ne zai fara hura wutar ba.